Hatimin Lahadi a Kan Takardar Alhamis

Zuwa ga Sayyid Mudir, shugaban reshen kamfanin ta'amin da ke riƙe da inshorar lorina a nan Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙarami ga babba, da fatan kai da iyalinka da duk masu aiki a ƙarƙashinka kuna cikin ƙoshin lafiya.

Zan fara da abin da na gani da idona wata safiyar Lahadi, yau mako bakwai ke nan, a taga ta biyu ta ofishinka. Ni ne na farko a layi, don tun kafin a buɗe ƙofa nake tsaye. Ma'aikacin tagar, dattijo mai furfura a gemu, ya amsa sallamata, ya jawo aljihun teburinsa na ƙasa, ya fito da takarduna daga inda ya ajiye su a gabana ranar Alhamis. Sannan ya ɗauko hatimin karɓa, wanda ke buga kwanan wata, mai 'yan ƙananan tayoyi a cikinsa. Ya juya shi ya duba, ya sa farce ya murza taya ɗaya. Na ji ƙararta: ƙas, ƙas, ƙas. Sau uku. Juma'a, Asabar, Lahadi. Ya danna shi a tawada, ya buga a saman takardata ta farko.

Wato kafin ya taɓa shi, hatimin nan a kan Alhamis yake tsaye, ranar da na kawo. Da ya buga shi yadda ya same shi, da gaskiya ya buga, da kuma yau ba ka karanta wannan wasiƙa ba.

Ban yi shiru ba. Na ce masa, ustaz, ai Alhamis na kawo. Bai ɗago kai ba ya ce ba komai, tsarin ofis ne kawai, kowa ya san ranar da na zo. Na yarda, na yi godiya, na tafi. Bayan mako huɗu aka miƙo mini takarda mai sa hannunka, cewa kamfani ba zai biya gyaran motata ba, saboda na makara da kwana biyu wajen sanar da ku haɗarin.

Sunana Abakar Isihaka, direban lori ne ni, ɗan direban lori, ina jigilar riɗi da dawa daga gonaki zuwa kasuwar amfanin gona. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da aji huɗu, shi ya sa za ka ga rubutuna kamar magana. Amma lamba ba ta ɓace mini, don da ita nake cin abinci: lambar mota, lambar mizani, lambar buhu. Na rubuta da Hausa ne domin 'yan'uwana direbobi su karanta ko a karanta musu, mijin ƙanwata kuma ya juya ta Larabci, an kai kwafi ofishinka. A mako ukun nan na nemi ganinka sau goma sha ɗaya. Sau shida an ce kana taro, sau uku an ce ka fita, sau biyu an ce babu wuta. Ko sau ɗaya ban ɗaga murya a wurin ba. Da ƙofa ta ƙi buɗuwa ne na fito fili.

Na farko, yadda abin ya faru. Ranar Talata ce, farkon kakar riɗi. Na ɗauko buhu ɗari da ashirin daga wata gona a yankin Simsim zan kawo Gadarif. Ran Litinin an yi ruwan ƙarshen damina, irin wanda ba a zata. Duk wanda ya san baƙar ƙasarmu ya san halinta: sama ta bushe ta tsattsage kamar ƙanzo, ƙasa kuwa kunu. Bayan azahar, kafin in kai Doka, a gaɓar wani kwari da na yi shekara shida ina haurawa, gefen hanya ya zame a ƙarƙashin tayoyin dama. Ba gudu nake ba, a giya ta biyu nake. Motar ta karkata a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, sannan ta kwanta. Ni na fito ta tagar sama da ciwo a kafaɗa kawai, alhamdu lillahi. Ita kuwa ƙarfen da ya haɗa tayoyin gaba ya lanƙwashe, lagireto ya fashe, gilashi ya tarwatse, kan motar ya lotse ɓangare guda.

Na biyu, sharaɗinku na kwana uku. Takardar inshorar ta ce a sanar da kamfani a rubuce cikin kwana uku, a haɗa da rahoton 'yan murur, wato 'yan sandan hanya, da hotuna, da kwafin lasisi. Ban yi jayayya da sharaɗin nan ba. Cika shi na yi, ga kuma yadda na cika. Inda motar ta faɗi babu layin waya. Laraba da sassafe na taka da ƙafa har na samu tarakta ta rage mini hanya zuwa Doka. Sai da rana ta take kafin a samu motar da za ta kai jami'in murur wurin, ni na zuba mata mai. Ya auna, ya rubuta, muka dawo bayan la'asar. Alhamis da safe na hau bas zuwa Gadarif. Ban biya gida ba. Mahaifiyata ta ji labarin faɗuwar motar a bakin mutane, ba ta sa ni a ido ba tukuna, amma na wuce kwanar unguwarmu na zarce ofishinku, saboda ina ƙirga kwanakin nan a yatsa. Saura kamar awa ɗaya a kira azahar na miƙa takarduna.

Dattijon taga ya karɓa, ya ƙirga, ya ce sun cika. Ya ce sai dai hatimi yana kulle a teburin mataimakinka, shi kuma ya tafi jana'iza da mabuɗi a aljihu. Ya ce in je in huta in dawo Lahadi, takarduna amana ne a hannunsa.

To ina tambaya, Sayyid Mudir. In kwana uku ne nawa, na ukun kuma Juma'a ce da ƙofarku ke rufe, kwana nawa kuka ba ni a gaskiya? Biyu. A cikin biyun na iso. Allah ya jiƙan wanda aka binne ran nan, amma mabuɗin da ya bi gawa zuwa maƙabarta ba a aljihuna yake ba. Makara ta ofishinku ce, kuka ɗauke ta kuka manna a goshina.

Na uku, kuskurena, don kada a ce na ɓoye nawa. Ban nemi ya rubuta mini ko 'yar guntuwar takarda ta shaidar karɓa ba. Mijin ƙanwata ya yi mini faɗa a kai har ya gaji, ya ce da jaki aka aika da ya dawo da rasit a wuya. Na ji. Amma ka duba inda na taso. A sana'armu ɗan kasuwa zai ɗora maka riɗin da ya fi motarka tsada, ya dafa kafaɗarka ya ce sai mun haɗu a mizani, shi ke nan an gama. Mahaifina ya yi shekara talatin a hanya, ban taɓa ganin ya nemi sa hannun wani a kan buhu ba, buhu ɗaya kuma bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Yanzu mutum sa'an ubana ya tambayi ciwon kafaɗata, ya sa aka kawo mini ruwa, ya dube ni ya ce amana, sai in ce masa rubuta mini? A wurinmu daidai yake da ka kira dattijo maƙaryaci a gaban mutane. Bakina bai iya ba. Na ɗauka ofis ma haka yake. Yanzu na gane a wurinku magana ba ta da nauyi sai an shafa mata tawada. Na koya, kuma da tsada na koya. Sai dai ku kuka kulle tawadar, sannan kuka hukunta ni da rashinta.

Na huɗu, wata magana da aka gaya mini a baki. Da na koma da ƙorafi, wani matashi a taga ta ɗaya ya ce ko an gyara kwanan wata akwai wata matsala, wai an ɗaga motar kafin mai duba ɓarna na kamfani ya gan ta. Wannan ba ya cikin takardar da ka sa wa hannu. Kamar ajiye shi aka yi a gefe, ko da na farkon ya ƙi ci. Bari in amsa shi tun yanzu.

A ƙauyukanmu in mota ta faɗi ba a jiran a kira kowa. Faza'a ake yi, kowa ya jefar da abin da ke hannunsa ya rugo. Kafin la'asar mutanen ƙauyen da ke kusa, Hausawa da Larabawa da 'yan ƙwadago masu yankan riɗi, sun haura arba'in a wurin. Hadari ya sake haɗuwa a gabas, kwarin nan kuma in ya kawo ruwa ba ya sallama. Suka yi layi, suka kwashe buhunan hannu da hannu zuwa tudu, suka rufe su da tamfol. Suka kawo tarakta biyu da igiyar ƙarfe, suka tayar da motar, suka ja ta sama. Ba wanda ya karɓi kuɗi, ko jine ɗaya. Da na sa hannu a aljihu, wani tsoho ya ce in fitar da hannuna wofi, in ba haka ba su mayar da motar yadda suka same ta. Ruwa ya sauka kafin magariba, kwarin ya cika, ya shafe inda motar ta kwanta har ba ka ganin sawu.

Me kuke so in ce musu? In tare mutum arba'in in ce ku dakata, kamfani bai gani ba? Mai dubawarku sai bayan kwana takwas da buga hatimi ya je, ya ce motarsa ƙarama ce, sai hanya ta bushe. Da na jira shi, da injin ya sha ruwa ya ƙoshi, da ba gyaran gaba ake magana ba, mota sukutum za ku biya. Mutanen nan dukiyarku suka tsare muku da kafaɗunsu. Buhun sukari ya kamata ku aika musu, sai ga shi kuna neman mai da alherinsu sanda ku doke ni da ita. Hotuna shida na ɗauka da wayata tana kwance, kafin kowa ya taɓa ta. Suna cikin takarduna, ƙarƙashin wadda aka buga wa hatimi.

Na biyar, abin da na lura da shi a zaman benci. Shekara uku nake biyan ta'amin shamil, babba, wanda aka ce mana ya rufe komai. Ban taɓa tsallake wa'adi ba, ban taɓa neman komai ba sai yanzu. Wakilinku da ke zuwa inuwar direbobi ya iya Hausa tsaf a ranar karɓa. Yana cire takalmi ya hau tabarmarmu, ya sha gahawarmu, ya ce mu yi barci da minshari, kamfani na tsaye a kanmu. Bai taɓa cewa ga abin da za mu yi in mota ta faɗi inda babu waya ba. Bai taɓa cewa kada mu bar taga sai da shaida a hannu ba. Sharuɗɗan suna bayan takarda, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar riɗi, da irin Larabcin da ko limaminmu sai ya maimaita layi sau biyu.

Ranar biya taga ɗaya ce, minti biyar an sallame ka. Hatimin karɓar kuɗi bai taɓa zuwa jana'iza ba. Ranar nema kuwa taga huɗu za ka zaga, kowace ta tura ka ga 'yar'uwarta. Na zauna kusa da wani mai lori daga Ƙala'at an-Nahal, an mayar da shi gida sau uku. Kowane zuwa takarda ɗaya tak ake ce masa ta rage, in ya kawo ta sai a tuna wata. Me ya hana a lissafa masa duka a zuwan farko? Na ga wani da yaƙi ya koro daga Khartoum da motarsa da rigar jikinsa, ana ce masa sai ya kawo asalin takardar da ya baro a gidan da shi kansa bai san ko yana tsaye ba. Mutumin ya naɗe kwafinsa ya fita. Ban san ƙarshen maganarsu ba, don haka ba zan yi musu shaida ba. Amma na ga yadda benci ke cinye mutum a hankali har ya daina zuwa, kuma ban ga wanda hakan ya dama a bayan tagogin nan ba.

Na shida, abin da ke wuyana, don ka san ba taurin kai ke dawo da ni ba. Lorin nan ba nawa ne ni kaɗai ba. Gadon mahaifinmu ne, ni da mahaifiyata da ƙannena mata biyu. Da ya rasu, ƙaninsa Baffa Idris, wanda shi ne babbanmu yanzu, ya ce a sayar a raba, don mota ba gona ba ce, rana ɗaya take mutuwa. Ni na durƙusa na roƙa a bar ta a hannuna. Na ce zan ciyar da kowa da ita, kuma zan yi mata ta'amin mafi ƙarfi, yadda ko ta faɗi za a tayar da ita. Da wannan alkawarin ya yarda. Sunan kamfaninku na ambata a gabansa. Tun daga nan gidanmu ya ƙaru, goggona ta zo daga Jazira da 'ya'yanta biyar, duk a tukunya ɗaya muke, tukunyar kuma a kan tayoyin motar nan take.

Yanzu tana garejin Usta Bashir makanike, an ɗora gabanta a kan duwatsu, kajin maƙwabta na kwana a ƙarƙashinta. Kakar riɗi ta wuce ina kallon motocin abokaina suna shiga mizani. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo sau biyu, yana zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta da mabuɗi kamar mai taya saniya. Juma'ar da ta wuce Baffa ya tara mu bayan masallaci. Ya ce in har aka fara yankan dawa motar ba ta hau hanya ba, za a sayar da ita yadda take, a raba wa kowa nasa tun kafin tsatsa ta raba mana. Ban ga laifinsa ba, haƙƙin marayu yake tsarewa. Mahaifiyata ta tashi ta shiga ɗaki.

Kan dawa ya fara nuna a gonakin Doka, mako uku ya rage ko ƙasa da haka. Usta Bashir ya ce aikin kwana goma sha biyu ne in kayan gyara sun zo. Ka cire, saura kwana tara. Bayan su, ko kun ce za ku biya, ba za ku samu abin da za ku gyara ba. Ni kuma daga mai mota zan koma mai jiran a ba shi tuƙi, a gaban mutanen da na yi wa alkawari da sunanku.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma haƙƙina nake roƙo.

Ka sa a kawo maka littafin ƙofa, wanda maigadi ke rubuta masu shiga, ka buɗe shafin Alhamis ɗin nan da hannunka. In ka ga sunana, ka sa a gyara kwanan watan, a buɗe maganata cikin kwanakin da na faɗa. Ba sai kun ba ni komai a hannu ba, ku biya gareji kai tsaye, ni motar nake so.

In kuma ka duba ka ga ba za ku biya ba, ka rubuta mini ainihin dalili, duka, a takarda ɗaya, da hatimi mai kwanan ranar da aka rubuta ta, in san abin da zan ɗauka zuwa wurin hukumar da ke sa ido a kanku. Ban so a kai can. Amma zan je, kuma na iya zaman benci.

Ka sa a yanka wa teburin mataimakinka mabuɗi na biyu. Duk wanda ya miƙa takarda a ba shi shaida nan take, ko bai nema ba, domin irina da kunya za ta hana su nema suna da yawa. A kuma rubuta sharuɗɗan nan da manyan baƙaƙe a manna a bango, wakilinku ya faɗe su a kan tabarma da harshen da yake karɓa da shi.

Na ƙarshe, kada a kori dattijon taga a kan maganata. Ba shi ya tafi da mabuɗi ba, ba shi ya sa hannu a takardar hana ni ba. Ban zo in ɗauke abincin wani gida don in mayar da na gidanmu ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci a kan abin da aka ɗora maka, ya tsare ka daga haƙƙin marayu, ya kiyaye iyalinka a hanya da gida, ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya. Kada Allah ya tsayar da kai a tagar da za a ce maka ka makara alhali ka zo a kan lokaci.

Ba ni kaɗai na ga abin da na faɗa ba. Ga shaiduna, uku na farko kuma da izininsu na rubuta sunayensu.

Akwai Ammu Tahir, maigadinku. Ranar Alhamis ɗin ya gan ni da taɓo har gwiwa, ya hana ni taka tayil ɗinku sai na wanke ƙafa a bakin ƙofa, sannan ya rubuta sunana a littafinsa.

Akwai Hajja Nafisa, mai shayi a gindin bishiyar ƙofarku, wadda ta zo daga Madani. Butarta aka ara mini. Ta ga na shiga da takardu a leda, ta ga na fito hannu wofi, har ta tambaye ni ko an dace, na ce mata sai Lahadi.

Akwai Salih Musa, direba daga Doka, wanda ke tsaye a bayana safiyar Lahadin. Ya ji ƙarar hatimin kamar yadda na ji, har ya raɗa mini a kunne cewa ustaz na canza giya.

Na huɗu ban nemi izininsa ba, ban kuma rubuta sunansa ba, don yana da 'ya'ya a gari. Shi ne dattijon taga ta biyu. Da bakinsa ya ce amana, kuma har yau ban ce ya ci ta ba, domin ba wanda ya tambaye shi tukuna. Ka kira shi, a gabana ko a bayan idona, ba sai an ɗauko Alƙur'ani ba. Ka tambaye shi wace rana Abakar ya kawo takardunsa. Abin da ya faɗa, na yarda da shi.

Wassalam.

Abakar Isihaka,
direban lori, Gadarif.